Baƙin Man da Ya Yi Boko

Arba'in ba shekarunsa ba ne, ya wuce nan tun tuni. Suna ne da abokan aiki suka laƙaba masa, domin a shekara talatin da ya yi yana tuƙa motar wani kamfanin buga littattafai, allurar gudu ba ta taɓa haye arba'in a hannunsa ba. Ko manaja na baya yana kumfar baki jirgi zai tashi ya bar shi, sai dai ya gyara madubi ya ce, "Ranka ya daɗe, jirgi wani zai zo gobe. Inji kuwa guda ɗaya ne." Manajoji biyar suka zo suka tafi, kowanne ya yi rantsuwar sai ya kore shi, kowanne kuma da ya tashi aika iyalinsa unguwa shi yake kira.

Da ya yi ritaya, kamfani ya bar masa motar. Fara ce mai dogon baya, ta girmi 'yarsa ta ƙarshe da shekara biyu, kuma Tsohuwa yake ce mata. Kowace safiya sai ya buɗe bonet, ya zaro sandar gwajin mai, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa. Sai ya lakato man a yatsa, ya murza tsakanin babban yatsa da manuni, ya kai hanci. Matarsa, wadda duk gidan ke kira Inna, ta ce saura kawai ya lasa ya ce gishiri bai ji ba. Shi dai ilminsa ɗaya ne a kan wannan lamari, kuma ba ya karɓar gyara: baƙin mai, in mai kyau ne, kauri gare shi, yana kama yatsa.

Motar ba ta zuwa ko'ina yanzu. Kasuwa sau ɗaya a mako, asibiti in gwiwar Inna ta motsa, shi ke nan. Amma Asabar ɗin farkon kowane wata, ko ana ruwa ko ana rana, Baba Arba'in zai sa riga mai guga, ya cika fulas da shayi, ya ɗauki kofi biyu, ya ce, "Na tafi juye."

Wurin juyen man nan rumfar kwano ce a bayan wani gidan mai, da rami ɗaya, da benci ɗaya mai ƙafa uku da bulo. Mai wurin tsoho ne siriri, ana ce masa Ɗan Rami, don in ka zo nemansa ƙasa za ka duba. Kullum da guntun alli a bayan kunnensa. A jikin bangon rumfar yake rubuta lambar kowace mota da ranar da za ta dawo juye, kuma layin farko can sama, shekara ashirin da bakwai ke nan, na Tsohuwa ne.

"Injiniya, an fito?"

"Direba, an iso? Tun jiya ka taso ko?"

Haka suke gaisawa. Juyen kansa minti ashirin ne. Sauran awa uku a kan benci suke tafiya: ciwon baya, yaran zamani da tuƙinsu, wane ya rasu, wane ya sake inji. Baba Arba'in bai taɓa taka gidan Ɗan Rami ba, Ɗan Rami bai taɓa taka nasa ba. Da za ka tambaye shi ko yana da amini, sai ya ce, "Ina dai da mai yi min juye." Amma gaskiyar magana, tun da abokan aikinsa suka watse, wasu ƙasa ta rufe, wannan bencin ne kaɗai wurin da ake jiran zuwansa, kuma ya fi kowa sani.

Auta ce ta kawo rigimar, ita kuwa da zuciya ɗaya. Tana aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje, kuma ta gaji da ganin mahaifinta yana dawowa duk wata riƙe da ƙugu. Wata Juma'a ta shigo da galan mai ruwan azurfa ta dire a gabansa.

"Baba, ga sabon mai. Sintetik ake ce masa."

"Sin me?"

"Haɗa shi aka yi musamman, Baba. Ba ya saurin lalacewa, yana jure zafi. Yadda kake tuƙin nan naka, sai ka yi wata shida ba ka je juye ba. Ka huta."

Ya buɗe murfin, ya tsoma yatsa, ya murza. Ya ɗaga yatsan sama yana kallo kamar an ba shi jabun takarda.

"Auta, baƙin mai aka ce. Baƙi. Wannan fa? Da Innarki ta gani a kicin da ta soya ƙwai da shi. Ga shi tsararo, ko yatsa bai kama ba."

"Baba, wanda kake sawa ma ai ba baƙi ba ne in yana sabo."

"Amma yana da niyya," in ji shi. "Wannan ɗan boko ne. Daga gani bai taɓa wahala ba."

Inna ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Yarinya ta ɗauko abu tun daga wurin aikinta, ka ce an gode mana." Nan ya sauke yatsan. Mutum ne da zai iya musu da manaja biyar, amma bai iya ganin fuskar Auta ta canja ba. Ya ce Allah ya yi albarka. A ransa kuwa ya dogara da abu guda: Injiniya ba zai yarda a zuba wa Tsohuwa wannan ruwan ba.

Washegari Ɗan Rami ya karɓi galan, ya nisanta shi da idonsa, ya karanta bayansa a hankali yana motsa leɓe. Baba Arba'in ya gyara tsayuwa yana jiran a yi watsi da shi.

"Mai ne mai kyau," in ji Ɗan Rami. "Lambarsa ta dace da injinka. 'Yarka ta san abin da ta sayo."

"Ka dai sake dubawa."

"Na duba. Sai dai mu sake filta. Kuma in ka ga ya yi baƙi da wuri kar ka tsorata, dattin da ya daɗe a ciki yake kwasowa."

Ya shiga rami, ya kwance noti, tsohon mai ya zuba a kwano, ya ɗaure, ya ɗura sabo. Da aka tayar da Tsohuwa, sai ta ɗauka da wata murya mai laushi da Baba Arba'in ya manta tana da ita. Abin ya ba shi haushi ƙwarai. Sannan Ɗan Rami ya taka bulo, ya goge layin farko da gefen hannu, ya ciro alli, ya ƙirga a yatsu, ya rubuta rana. Wata shida cif.

Sun sha shayi ranar, amma Baba Arba'in bai ji ɗanɗanonsa ba. Idonsa na kan bango. Shi a ganinsa an sallame shi ne, cikin ladabi, da alli.

Bayan mako uku Allah ya dube shi. Ya fito da safe ya ga ɗigo uku na mai a ƙarƙashin mota. Ba a taɓa ganin mai mota ya yi murna da yoyo irin haka ba. Har da kiran Inna ta zo ta shaida.

"Kin gani? Na faɗa. Ɗan boko ya fara halinsa."

"To mene ne na washe baki?"

Shi kuwa tuni ya ɗauko fulas, ya ja mota sai rumfar juye. Sai dai Ɗan Rami, ga shi da iya aiki kamar me, ya leƙa sau ɗaya ya ce wata 'yar roba ce ta tsufa, dā datti ne ya toshe ta, sabon mai ya wanke dattin, asirinta ya tonu. Minti goma sha biyar ya sake ta. Ko kofi na biyu ba a zuba ba wata motar haya ta shigo tana hayaƙi, Ɗan Rami ya koma rami.

A wata na biyu ba ɗigo ko ɗaya, duk da ya shimfiɗa kwali a ƙasa don kar ya kuɓuce masa. Sai ya ƙirƙiro ƙara. Ya je ya ce yana jin wani ƙis-ƙis ta gefen hagu. Ɗan Rami ya kara kunne a jikin inji, ya daɗe, ya ɗago ya dube shi.

"Direba, wannan injin ko barci aka sa shi ba zai fi haka shiru ba."

Akwai masu mota biyu a tsaye suna jira, ɗaya ya yi dariya. Baba Arba'in ya ji kunya har cikin ƙashinsa: tsohon direba, shekara talatin a kan sitiyari, an kama shi da ƙaryar ƙara. Ya ce to madalla, ya ja motarsa. An ce ranar allura ta kusa taɓa arba'in da biyar.

Wata na uku bai je ba. Ya zauna a gida ya zama alaƙaƙai. Ya gyara famfon da bai lalace ba har ya lalace. Ya jera wa Inna cokula bisa tsawo. Da Auta ta kira ta ce, "Baba, yaya mota?" sai ya ce lafiya lau, kamar mai ba da labarin rashin lafiya. Kewa ce ke cinsa, ba wani abu ba, amma ta ina dattijo zai fara? Ya tashi ya je rumfar mutum yana tsakiyar aiki, ba mota a rami, ba dalili, ya ce na zo ne in gan ka? Bakinsa bai saba da irin wannan magana ba.

Asabar ɗin farkon wata na huɗu, da hantsi, Inna na ciki tana waya, ya ɗauko sifana. Dabararsa mai sauƙi ce: ya ɗan sassauta notin ƙasa, rabin juyi kawai, mai ya riƙa ɗiga, dalili ya samu. Ya shimfiɗa kwali, ya kwanta rigingine, ya ja jiki ya shige ƙarƙashin Tsohuwa da kyar. Ya ɗora sifana a kan noti.

Sai hannun ya ƙi. Shekara talatin da ɗoriya bai taɓa cutar da motar nan da gangan ba, ko rami bai taɓa faɗa mata da gudu ba. Ya daɗe yana kallon cikinta, tsaf, a bushe, ba ko laima. Ya sauke sifana ya ce, "Yi haƙuri, Tsohuwa." Ya yunƙura zai fito, bayansa ya ce bai san zancen ba. Ya riƙe ƙam.

Yana nan kwance yana tunanin yadda zai kira Inna ba tare da ta samu labarin da za ta shekara tana bayarwa ba, sai ya ga ƙafafu biyu sun tsaya a gefen taya. Takalman roba ne, baƙi ƙirin da mai. Ko a mafarki ya san su.

"Direba, an buɗe reshe ne ba a gaya min ba?"

"Injiniya? Wa ya nuna maka gidan?"

"Wa zai ɓata? Na ce ina gidan mai farar motar da keke ke wucewa, yara uku suka nuna min. Kawo ƙafar."

Ya kama idon sawunsa ya jawo shi waje a kan kwalin kamar buhu. Sifana na hannun Baba Arba'in, ba wurin ɓoyewa. Ɗan Rami ya dubi sifana, ya dubi mai sifana.

"Lamba sha bakwai. Ta notin juye ke nan."

"Dubawa nake yi."

"Uhm."

Suka jingina da jikin mota a nan ƙasa, don Baba Arba'in bai isa tashi ba tukuna. Can Ɗan Rami ya ce, "Bari in gaya maka wani abu. Tun da ka yi ritaya, man da nake juye maka duk wata ko launi bai gama sakewa ba. A janaretona nake zuba shi. Shekara tara janareton nan yana shan gata."

Baba Arba'in ya juyo. "Ka sani, ka yi shiru?"

"In na faɗa, wa zai kawo shayi? Sai ga galan daga 'yarka, an rubuta komai a baya. Ƙarya zan yi wa yarinya?" Ya sosa kunne, alli ya faɗo a cinyarsa. "Wata biyu ina hana mutane zama a gefen bencin nan. Na zaci ka yi fushi ne."

"Ai kai ka rubuta wata shida."

"Mota na rubuta wa, Direba. Ka taɓa ganin na rubuta lambarka a bango?"

Idon Baba Arba'in ya ciko. Ya ɗaga murya ya ce, "Inna! A ɗora ruwan shayi, kofi biyu. Mun yi baƙo."

Inna ta fito ta tarar da tsofaffi biyu zaune a ƙasa, ɗaya riƙe da ƙugu, ɗaya riƙe da alli. "Wannan ne mai juyen da ake ta faɗa?"

"A'a," in ji Baba Arba'in. "Aminina ne. Juyen sai nan da wata uku."