Hannun da Ke Ɗaura Zaren Kabon

Shekara ashirin da biyu ya yi a ɗakin gwajinmu, ba digiri, ba ofis. Baba Mai Awo muke ce masa. Aikinsa ɗaya ne, ɗaura zaren kabon a bakin na'ura. Zaren nan wasu 'yan bututu ne mitsi-mitsi da ido ba ya gani, aka murɗe su wuri guda har suka kai kaurin gashi. Wutar lantarki tana bi ta cikinsa, amma da an ɗan ja shi ko an lanƙwasa, sai yadda take wucewa ya canza. Wannan canjin nake aunawa don digirina: injin na'urar yana jan zaren, mita tana nuna awon da lambobi. Idan mai ɗauri ya takura zaren tun kafin a fara, awon duka ya tashi a banza. Shi ya sa ba mai taɓa shi sai Baba.

Wata uku awona yana fitowa a hargitse. Ni kuwa bakina ba linzami, na zagi na'ura, na zagi waɗanda suka ƙera ta, har farfesa ya ce a nemo sabuwa.

Wata safiya ya ce, "'Yata, kunna mita kawai. Bar injin ja a kashe."

Na kunna. Ya kama bakin zaren da hantsaki, ya tsaya cak. A ido, hannun ko gezau. Lambobin mita kuwa sai rawa suke.

"Kin gani? Na'urarki lafiyarta ƙalau. Hannuna ne ke rawa, yana takura zaren wurin ɗauri."

Ni da shi mun san in ba ɗaurin nan ba, ba shi da wani aiki a sashen.

Na ce, "Baba, ba wanda ya sani. A kawo sabuwar, mu yi shiru."

"Ita ma ki yi wata uku kina zaginta?"

Kunya ta rufe ni. Da ƙafarsa ya je ya faɗa wa farfesa.

Sati biyu aka ba shi ya koya mini ɗaurin kafin ya ajiye aiki. Yana tsaye a kaina, hannuwansa a baya, da baki kawai yake gyara mini. Ranar ƙarshe awo ya fito sumul, karo na farko.

Ya daɗe yana kallon mitar, sannan ya ce, "Madalla. Yanzu ba kya bukatata."

Ya miƙo mini makullin ɗakin da hannu biyu, ɗaya yana riƙe da ɗayan.