Wankan Jegon Autarmu

Yanzu duk wanda ya gan ni sai ya ce ƙanena shehin malami ne, wai a kan binciken zuciya da jijiyoyin jini ya tsufa, har ƙasashen waje ana karanta shi, ɗalibansa ma sun zama manyan likitoci. To, madalla. Ni dai da an ɗauko zancen, ƙaurin ɗakin autarmu nake ji a hanci, don daga ɗakin nan aikin nasa ya samo asali.

Saura 'yan shekaru Turawa su tafi, autarmu ta yi haihuwar fari, aka dawo da ita gida Wudil wankan jego. Inna ta riga ta rasu, saboda haka Goggo, yayar Baba, ta taso daga Kausani da ƙatuwar tukunyarta. Safe da yamma za ta tafasa ruwa, ta tsoma ganye, ta yi ta fyaɗa wa yarinyar nan har fatar bayanta ta saluɓe. Daga nan sai gashi a kan gadon ƙasa, garwashi a ƙarƙashi. Sannan kunun kanwa cike da ƙwarya, kanwar ta yi yawa har tana tsaga harshe. In ta kau da kai a matse mata hanci a ɗura.

Lokacin ƙanen nawa yana koyon aikin likita, ya zo hutu. Shi ma a idona ƙazami ne na ƙarshe: kwaɗi yake kamowa a bakin kogi, ya farke su, ya zauna yana ɗiga wa zuciyar ruwan gishiri yana kallo. Tir! Sai da na ware masa kwanon cin tuwonsa.

Ba a jima ba ƙafafun autarmu suka kumbura, in ka danna yatsa sai wurin ya lotsa kamar ƙullu. Kwanciya ta gagare ta, a zaune take numfashi, tana tari tana fitar da kumfa. Ƙanena ya shiga ya kara mata abin sauraren ƙirji, ya fito ya sami Goggo.

Ya durƙusa ya ce, "Goggo, don girman Allah a dakata da kanwar nan da gashin. Zuciyarta ce ta gaji, kanwa na tara mata ruwa a jiki."

Goggo ta tafa hannu. "Iye! Kai, rufe mana baki. Sanyi ne ya shige ta. Ni na wanke uwarka lokacin haihuwarka. Namiji da shiga ɗakin mai jego, ko kunya babu!"

Ya je zaure ya roƙi Baba a sa ta a mota zuwa asibiti a Kano. Baba ya ce wannan harkar mata ce, kuma mai jego ba ta ƙetare ƙofa kafin arba'in. Ni haushi ya sa na ɗauki ƙwaryar na ɓarar a makwarara, na janye garwashin. Goggo ko kallona ba ta yi ba, ta dama wani, ta ƙara kanwa.

Ranar kasuwa da hantsi autarmu ta cika, a zaune, jingine da bango, jaririnta na tsala kuka a hannuna.

Abin da har gobe ke ƙona mini rai zaman makokin ne. Goggo ta baje a tabarma tana ɓantarar goro, tana gaya wa mata cewa da ɗan bokon nan da yayarsa ba su yi ta katse mata gashi ba, da yarinya tana nan da ranta. Suka yi ta gyaɗa kai suna "Wallahi kuwa, Allah Sarki." Ƙanena na tsaye bayan zana, duk a kunnensa. Wata maƙwabciyarmu ta matso kusa, ta ce 'yarta ta shiga watan haihuwa, ko Goggo za ta taimaka ta zo ta wanke mata ita.

Goggo ta ce in Allah ya yarda, a dai tanadi itace da kanwa mai kyau.