Ranar da Na Je Yi wa Malamar Jikata Faɗa

Shekarun baya, bayan rasuwar 'yata ta fari, aka kawo mini 'yarta riƙo, tana da shekara tara. Ni mace ce da ba na son raki. Na ce mata mutuwa rigar kowa ce, a yi haƙuri. Ta ce to. Daga nan yarinya ta yi gum. Tuwo sai ta taɓa ta ture. In na aike ta rijiya, sai in leƙa in same ta tsaye da guga a hannu. Aka yi mata rubutu ta sha, shiru.

Ana nan sai makarantarsu ta samu wata malama daga Ɗambatta, wai aikinta ta zauna da yara ta saurari damuwarsu. Duk Laraba take zuwa. Ba a yi wata biyu ba yarinya ta fara cin abinci, har da dariya. Maimakon in gode wa Allah, sai kishi ya kama ni. Ni da na yanke mata cibi, nake dama mata kunu, ba na samun kalma goma a yini, wata mai rataye da jaka ta zo ta kwashe hirar duka!

Wata Laraba na bar gyaɗa a shanya, na yafa mayafi, sai makarantar.

"Sannu da zuwa, Inna," in ji malamar, ta jawo mini kujera.

"Ba zama ya kawo ni ba. Me take gaya miki da ni ba ni da kunnen ji?"

"Abin da ta faɗa mini amana ce. Amma akwai guda da ta roƙa in isar miki, don tsoronki take ji."

"Tsorona? Kura ce ni?"

"Cewa ta yi ba kya son mahaifiyarta. Ba ta taɓa jin kin kama sunanta ba, ranar rasuwar ma ba ki yi kuka ba."

Ban san lokacin da na zauna ba. Na ce, "Malama, ba a ƙasar nan aka haife ki ba? 'Yar fari ce fa. Wace uwa ce ke kama sunan ɗan fari?"

"Ni na sani, Inna. Ita ce ba ta sani ba. Ke fa, tun da abin ya faru, wa ya zauna ya saurare ki?"

Na buɗe baki in ce ba na buƙata, sai ga ni tsohuwa na ɓarke da kuka a ofis, gaban wadda na haifi sa'arta.

Da la'asar muna tsinke zogale, na gaya wa jikata yadda nake ɓoye wa mahaifiyarta ƙanzo in ba maƙwabciya ta miƙa mata, don kada a ce ba ni da kunya. Ta ɗago ta ce, "Kaka, ya sunanta?" Ta sani sarai, ja'ira. Na duba hagu da dama, na faɗa a hankali. Ta ce ba ta ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi, ta faɗo jikina.

Kunya tarbiyya ce, ban canza ra'ayi ba. Amma na gane yaro ba ya jin son da aka rufe masa da faifai. Har gobe yana ci mini rai a ce baƙuwa ce ta fara jin kukan jikata. Sai dai in za a faɗi gaskiya, nawa ma ita ta fara ji.