Ranar da na kira sunanta a bakin Binuwai

Daga Jalingo

Ana kiran assalatu muka kulle gida a Mayo Gwoi, ni da maigidana da 'yarmu mai shekara huɗu. Bikin ɗan goggonsa za mu je a Garwa ta ƙasar Kamaru. Ni kuwa tun da aka haife ni ban taɓa wuce Yola ba. Keke ya sauke mu a tasha, muka sami ƙaramar mota aka matse mu a baya. Tun kafin mu kai Zing na karance duk addu'ar da na iya, don an ce mini garin nasu a bakin ruwa yake, ni ko rafin unguwarmu in ya cika da damina ba na barin yarinyar ta leƙa shi.

Bari in faɗa muku wani abu tun yanzu. Ita ce 'yar farina, saboda haka ban taɓa kiran sunanta ba. Haka na ga uwata tana yi da babban yayanmu. "Ke" nake ce mata, ko "'yar nan", ita kuma Adda take ce mini, kamar yayarta.

Iyaka

A Yola muka sake mota, bayan azahar muka kai iyaka. Wani jandarma ya duba takardunmu, ya nuna yarinyar, ya tambaye ni sunanta da Fulatanci. Na sunkuyar da kai. Direba ya yi dariya ya ce masa ta fari ce, ko yanka ni za a yi ba zan faɗa ba. Jandarman ma ya yi murmushi, ya karanta abinsa a takarda, ya ce mu wuce. Gab da magariba muka shiga Garwa. Goggo Hawwa ta tarbe mu da shayi da dogon burodinsu mai ƙarfin baya.

Wuro Laana

Washegarin ɗaurin aure Goggo ta ce baƙi ba sa komawa ba su ga ruwa ba. Aka cika mota da mata, duk muna sanye da ankon bikin, atamfa shuɗiya mai zanen ganye. Tafiyar ba nisa. Ɗan tsohon gari ne a gaɓar Binuwai, suna ce masa Wuro Laana, wato garin jirgi. Akwai tsofaffin ɗakunan ajiya masu jan kwano, Goggo ta ce a zamanin kakanninsu nan jirage ke lodin gyaɗa da auduga. Yanzu awaki ne ke kwana a ciki. Kowa ya saki jiki, ana cin gasasshen kifi, ana shan zoɓo wanda su suke ce wa folere. Ni dai idona na kan ruwan. Faɗi gare shi, ja wur, ba ya ko ƙara. Na ce wa yarinyar ta riƙe bakin zanena, in ta saki sai na yi mata duka.

Mazan da suka rako mu suka tafi masallaci. Na tsuguna ina zaɓar busasshen kifin tsaraba, ina shinshinawa ina ajiyewa. Da na miƙe na kai hannu gefena, ba kowa.

Na duba ƙarƙashin tebura. Na shiga ɗakin awakin nan na fito. Ina ta cewa "Ke! Ke!", yara kusan goma suka juyo, ba tawa. Masu kifi suka kewaye ni, kowa tambayarsa ɗaya: yaya sunanta? Na ce 'yar shekara huɗu ce, mai jan takalmi. Suka ce sunan dai. Bakina ya ƙi buɗuwa, wallahi kamar an ɗinke shi.

Goggo ta taso tana ɗingishi. Ta gwada kira, amma muryarta ta riga ta dushe da guɗar biki. A daidai nan na ga kwalekwalen fito ya bar gaɓa, shaƙe da buhuna da mutane, har ya kusa inda ruwan ke juyawa. Goggo ta damƙi kafaɗata ta girgiza ni.

"'Yata, kunya ba ta tsamo yaro daga ruwa. Buɗe bakinki."

Na shiga ruwan har gwiwa, ni da ko leƙa rijiya ba na so. Na kira sunan da duk ƙarfina. Na sake. A na uku wani ɗan kai ya ɗago daga tsakanin buhuna, sai ga 'yata ta miƙe tsaye a cikin jirgin. Na ga jirgin ya karkata. Sai wata mata ta fizgo ta ta zaunar a cinya, mai fito ya soke gorarsa ya juyo da su.

Ashe matar 'yar bikin ce, za ta koma gidanta a ƙetare, atamfarmu ɗaya. Yarinya ta bi umarnina sarai, ta riƙe shuɗin zane ba ta saki ba, sai dai ba nawa ba ne. Matar kuma ta ɗauka 'yar wata ce a cikin jirgin. Da aka miƙo mini ita ban dake ta ba. Na goya ta, ƙatuwa da ita, ban sauke ba har muka koma Garwa. Mai fiton ya ce da irin wannan murya ai sai in zo in riƙa kira masa fasinja daga ƙetare.

Komawa gida

Da asuba muka kamo hanya, Goggo ta cusa mini kifin da na manta a kasuwa. Duk tsawon tafiyar, in muka haɗa ido da maigidana sai ya kau da kai yana danne dariya. Bayan la'asar muka shigo Jalingo.

Ina yi wa yarinyar wanka a tsakar gida ta ɗago ta dube ni.

"Adda, ashe kin san sunana?"

Na ce ta rufe ido sabulu zai shiga. Ta ce in sake faɗa sau ɗaya kawai. Na waiwaya, ba kowa a tsakar gidan. Na raɗa mata a kunne.

Alhamdu lillahi da ya kai mu uku ya dawo da mu uku. Allah ya saka wa Goggo Hawwa da alheri, da mai fito, da baiwar Allahn da ta riƙe mini ita a tsakiyar ruwa. Sunan kuwa, ku yi haƙuri, ba zan rubuta shi a nan ba.