Kututturen Mala Ajimi

Ana sanar da jama'ar Difa da kewaye cewa ruɓaɓɓen kututturen tsamiyar nan da ke gefen wata gonar tattasai a Geskeru ya zama maraya. Mai kula da shi, abokina Mala Ajimi, ya rasu ranar Laraba, 14 ga Nuwamba 2001, ana daf da azumi. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Mala, yau zan faɗi abin da na ɓoye: shekara shida ina ƙyashinka.

Tare muka shiga lakwal, makarantar boko. Ka fita a aji uku, ni na zarce har na zama mushe, wato malamin makaranta. Sai ga ka a 1995 da wani naman kaza mai tauri, ja wur, wai a jikin kututturen nan yake fitowa idan kogin Komadugu ya fara janyewa. Na buɗe littafi, na shaida maka irinsa sai kurmin kudu. Ka ce, "To mushe, shi dai bai karanta littafin ba."

Da wata mai bincike ta zo daga Yamai don ta gan shi, kwana uku ina yi muku tafinta cikin rigata ta salla. Ta rubuta cewa wurare ƙalilan aka taɓa ganinsa, ba a ma san ko yana ƙarewa ba. Sunanka ya fito sau huɗu a rahoton, na ƙirga. Ni kuwa aka ce "wani malamin lakwal". Tun daga ranar nake cewa a kasuwa naman kazan nan abin banza ne.

Ka ji labari. Amma buhun tattasanka bai daina zuwa gidana ba. Idan ka tayar da injin ban ruwa, sai ka jiƙa kututturen kafin shuka. Matan da suka zo da gatari neman makamashi, dalbejiyar ƙofar gidanka ka sassare musu don su ƙyale shi. Ko wannan haƙurin na yi ƙyashinsa.

Ran sadakar uku, mai ɗakinka Ya Fanna ta ce da ni, "Mushe, babban ɗanmu Laminu zai ƙone kututturen ya ƙara fangalin tattasai biyu. Ya ce kai ka ce ba shi da amfani, kai kuma ka yi karatu."

Na tafi gonar. Naman kazan guda bakwai na tarar, jere kamar kunnuwa, itacen ya fara bushewa. Na cire takalmi na ɗebo ruwa. Laminu ya yarda zai bar shi, muddin ni zan riƙa shayarwa.

Allah Ya jiƙan ka, Mala, Ya ni'imta kabarinka yadda ka ni'imta abin da ba ya iya gode maka. Ya ba Ya Fanna, Laminu da dukkan dangi haƙuri.

Ba abin banza ba ne. Ni ne na yi kuskure.