Goggo Effie da Hagis Marar Nama

Kowace safiya, kafin rana ta yi zafi a Chascomús, wani gari kudu da Buenos Aires, Goggo Effie Macrae na tsakar gidanta tana tsince wake, ƙoƙon shayinta a gefe. Duk mu jikokin mutanen Sikotlan da muka rage a garin nan Goggo muke kiranta. Ita ke dafa mana hagis na bikin Waliyyi Andrew a ƙarshen Nuwamba tun gashinta na baƙi, kuma ba a taɓa ambaton sunanta a jawabin godiya ba.

Hagis na kakanninmu tumbin tunkiya ne da ake cusa wa hanta da huhu da hatsi. Haka take yinsa har shekarar da jikarta Milagros ta daina cin nama, ta ce ita da bikin sun yi sallama. Goggo ba ta yi gardama ba. Ta koma madafa ta sa wake da gyaɗa da albasa da masoro a madadin kayan ciki, ta naɗe a ganyen kabeji. A ƙasar da ake yi wa marar cin nama kallon majinyaci, dattawa suka yi mata ca.

"Ke tsohuwa, abincin zomo za ki ba mu?" in ji Don Lachlan Dodds, mai busa mana algaitar jaka.

"Kai tsoho, da wane haƙorin za ka ci naman? Ci ka yi mini shiru."

Ya ci, ya miƙo faranti a ƙara masa.

Ke ce, Goggo, uwar madafa, kika sauya tukunyar kakanninki don ki riƙe mana yarinya guda. Abin takaici, hakan bai riƙe ta ba. Milagros na Madrid yanzu, sauran yaran kuwa Buenos Aires ta haɗiye su.

Bana tebur ɗaya ya ishe mu, a gidan Goggo. A al'adarmu hagis ba ya shiga ɗakin cin abinci sai algaita na gabansa tana kuka. Goggo ta tsaya a bakin madafa da faranti tana jira. Don Lachlan ya hura jakar, ya sake hurawa, fuskarsa ta yi jawur, ƙirji ya ƙi. Jakar ta saki a hammatarsa. Ya zauna yana tari.

"Shigo da shi haka, Effie," ya ce. "Ni tawa ta ƙare."

"Ba zai shigo kamar ɓarawo ba," in ji ta.

Ta ƙi ɗaga ƙafa. Muka dubi juna, babu wanda ya iya busa a cikinmu. Sai ita da kanta ta rufe baki, ta fara kukan algaitar ta hanci, ta tako a hankali. Muka kama mata, tsofaffi da muryoyi masu karkarwa, har ta dire farantin. Don Lachlan ya soka wuƙa yana hawaye. Abinci ya yi daɗi kamar kullum, amma ban taɓa haɗiye loma da baƙin ciki irin na ranar ba.

Da muka gama ta ce bana ne na ƙarshe, hannunta ya daina ɗaukar farantin.

Mun gode, Goggo Effie. Kin ciyar da mu, kin rufa mana asiri ranar da numfashinmu ya kasa. Ku kuma 'ya'yanmu da ke nesa, ku taimaka ku zo ku karɓi girkin, domin ni nawa hannun ya fi nata rauni. Duk Asabar tana jiƙa wake fiye da na bakinta, ta bar ƙofa a buɗe ko wani zai zo ya koya. Na wuce ta can Asabar ɗin nan. Tana zaune ita kaɗai, ta ajiye kujera ta biyu kusa da ita.