Telar da take ɗinka wa tabo riga

A layinsu babu mai kiran ta da sunan yanka. Tun tana ƙarama kakarta ta laƙaba mata Don-Me, domin ko ruwa aka ce ta miƙo sai ta ji dalili. Ta girma ta zama tela, tana da shago ɗaki ɗaya a bakin titi: keke biyu, teburin yanka, da madubi mai tsaga a kusurwa. Mijinta bakanike ne, garejinsa na bayan shagon, katanga ɗaya ta raba su. Shi mutum ne mai barkwanci, yakan ce ya auri tambaya ya kawo ta gida.

Wata ranar Talata da hantsi tana cikin yanka hannun riga ta ji ihu ta bayan katanga. Mijin ne yake wanke kayan inji a kwanon fetur, wani mai walda a gefe ya kunna wuta, tartsatsi ya faɗa kwanon. Kafin a kashe, hannunsa na dama ya ƙone daga yatsu har gwiwa.

Nan take garejin ya cika da masu magani. Wannan ya ce a fasa ɗanyen ƙwai, wancan ya ruga neman man goge haƙora. Wata nas da ta kawo motarta gyara ce ta ture su duka. Ta zare masa agogo, ta ja shi bakin famfo, ta sa hannun a ƙarƙashin ruwa.

"Minti ashirin," in ji ta. "Kada wanda ya shafa masa komai."

Don-Me dai bakinta bai mutu ba. "Sista, ai wutar ta mutu. Ruwan na mene ne?"

"Ta mutu a waje, 'yar'uwa. A cikin naman tana nan tana ci. Ba ki taɓa sauke tukunya ta ci gaba da tafasa ba?"

A asibiti wani likita mai furfura ya duba hannun. Abin da ya fara ba ta mamaki shi ne bai ɗauko abin awo ba. Ya dubi tafin hannun mijin mai lafiya, ya riƙa kwatanta shi da wurin ƙunar yana ƙirgawa. Ya ce tafin hannun mutum tare da yatsunsa kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari na fatarsa, shi kuwa wannan ya ƙone kamar kashi huɗu. Sai ya riƙa danna wurare da yatsa. Inda ya yi ja ya tashi bororo, mijin ya yi ƙara. Da aka zo bayan hannun, inda ya yi fari ya bushe kamar fatar jaka, sai ya yi murmushi.

"Nan kam lafiya lau, likita. Ko kaɗan ba na ji."

Likitan bai yi murmushi ba. Don-Me ta lura.

"Likita, wurin da ba ya ciwo ne ya fi damun ka?"

Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau. Ya ce e, jijiyoyin da ke kai labarin zafi su ma sun ƙone a wurin, shi ya sa ya yi shiru. Mai ciwon zai iya warkewa da kansa, mai shirun sai an taimaka masa. Ya ce kuma ba zai yanke hukunci ba sai bayan kwana biyu ko uku, don ƙuna ba ta nuna zurfinta duka a ranar farko.

Ta kwana da wannan magana a ranta. Washegari ta zo da ɗan littafin da take rubuta awon masu ɗinki, ta juya shi ta baya ta fara rubuta abin da take ji.

Bayan mako guda aka yanko fata siririya daga cinyarsa aka dasa a bayan hannun da damtsen, ƙasa da gwiwa. Ranar da aka buɗe, Don-Me ta leƙa ta ga fatar damtsen duk huji-huji kamar raga, ta bayan hannun kuwa a shafe. Ta tambaya. Likitan ya ce ana huda ta ne don ta miƙe ta rufe wuri mai faɗi, ruwan ciwo kuma ya sami hanyar fita, amma a inda ido ke gani sun fi son barin ta sumul.

Mijin ya ce, "Kin ji? An yi mini faci. Da ma ke aka ba aikin, da an sa mini aljihu."

Ta ɗauka in fata ta kama an gama. Ashe nan aikin ya fara. Aka haɗa su da mai motsa gaɓoɓi, wata doguwar mata da marasa lafiya suke kira Anti Lanƙwasa. Ita ce ta gaya musu cewa tabon ƙuna yana jan jiki yana tsukewa, in aka bar yatsu yadda suka ga dama za su ƙage kamar ƙafar kaza. Kullum sai ta lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ƙaton bakanike yana zufa yana kiran sunan mahaifiyarsa. A gida Don-Me ce mai shafa mai, tana murza tabon sau uku a yini, tana buge masa hannu in ya kai farce zai sosa.

A wata na biyu tabon ya fara tashi, ya yi ja ya yi tauri. Anti Lanƙwasa ta fito da wata safar hannu mai roba-roba, doguwa har gwiwa, ta ce zai riƙa sa ta awa ashirin da uku a kullum, shekara guda ko fiye, sai wanka kaɗai zai cire. Matsin ne yake kwantar da tabon. Matsalar ita ce daga nesa ake kawo su, girma uku kawai, hannun mijin kuwa ya faɗa tsakani: ɗaya tana yawo, ɗaya ba ta shiga.

Don-Me ta juya safar a hannunta. "Anti, wanda ya ɗinka wannan bai iya ba ne? Ga ɗinkin a waje."

"Da gangan ne. In yana ciki zai goge sabuwar fata ya yi ciwo."

"To bakin yatsun fa, me ya sa aka bar su a buɗe?"

"Don mu ga launinsu. In sun yi duhu ko sanyi, ta matse da yawa."

Ta roƙi wata tsohuwar safa da robarta ta saki. A shago ta farke ta zare-zare, ta shimfiɗa a tebur, ta gano cewa an yanka kowane yanki ƙasa da awon hannu, ba sama ba kamar yadda aka koya mata tun tana koyon ɗinki. Ta zaga kasuwa kwana uku kafin ta sami yadi mai irin wannan ja. Ta farko da ta ɗinka, mijin ya sa minti goma yatsunsa suka yi sanyi suka fara duhu. Ta tsorata ta yanke ta da almakashi a jikinsa.

"Uwar yara, wuta ta bar mini hannu ke za ki ƙarasa?" in ji shi.

Ba ta yi dariya ba. Washegari ta kai wa Anti Lanƙwasa gutsattsarin ta faɗi abin da ya faru. Matar ta yi mata faɗa sosai, ta ce ba a gwada irin wannan a gida ba tare da ita ba. Da ta huce sai ta jawo kujera, ta nuna mata yadda ake auna kowane yatsa gaɓa-gaɓa, da yadda ake rage awon kaɗan-kaɗan. Ta huɗu ce ta zauna daidai. Likitan da kansa ya zo ya sa yatsa a bakin safar ya ja, ya gyaɗa kai.

Ta tare shi a ƙofa. "Likita, ni fa har yanzu ban gane ba. Yaya matsi yake kwantar da tabo?"

Ya ce ana zaton yana rage jinin da ke ciyar da tabon, yana kuma sa zaren naman ya kwanta a jere maimakon ya cukurkuɗe. "Amma gaskiya, mu ma ba mu gama sani ba."

Wannan amsa ta fi duk sauran yi mata daɗi. Har ta isa gida tana maimaita wa mijin cewa ashe likita ma yana da abin da yake nema.

Bayan wata goma sha huɗu tabon ya yi laushi ya dushe. Ƙaramin yatsan bai miƙe duka ba, amma mijin ya koma gareji yana riƙe sifana, ya kuma raba garejin da kwanon fetur. Ita kuma Anti Lanƙwasa ba ta sake ta ba. Duk ranar Alhamis Don-Me tana rufe shago, ta ɗauki tef da littafi ta tafi wani ɗan ɗaki kusa da wurin motsa gaɓoɓi, inda aka ajiye mata tebur. Ta ɗinka wa mai tuya safar hannu, ta ɗinka wa direban tanka riga mai zif a baya, ta koyi yin ta haɓa da wuya, wadda ta fi kowace wahala.

Alhamis ɗin da ta wuce aka kawo mata wata tsohuwa da ruwan zafi ya zube wa a kafaɗa. Tsohuwar ta dubi yadin ta taɓe baki.

"'Yar nan, wannan abu mai kalar ƙasa zan sa shekara guda? Ko leshi babu?"

Don-Me ta dubi Anti Lanƙwasa. "Anti, in na sa leshi a waje, inda ba ya taɓa fata, zai hana matsin aiki?"

Anti Lanƙwasa ta yi tunani, ta ce ba ta ga abin da zai hana ba, amma kada ya riƙe yadin ya hana shi ja.

"To Iya, ɗaga hannun in auna. Fari kike so ko shuɗi?"